Tsohuwar Hiyas na ƙara a ƙafar gaba, tana kuma cin taya ta ciki

Direban Haɗeja: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawarar manya nake nema. Hiyas ce tsohuwar yayi, wadda ta riga sabuwar Hiyas da ake kira Hummer fitowa, mai fetur, ina lodin Kano zuwa Haɗeja da ita. Tun ƙarshen damina ƙafar gaba take ƙara. In na faɗa rami sai in ji gwaf a ƙarƙashin kujerata, a gargada kuma ƙwal-ƙwal ɗin ba ya tsayawa. Sitiyari ya fara yawo, sai ina taro shi. In na taka birki da ƙarfi tana fizgata hagu. Tayar ɓangaren direba ta cinye ta ciki, ta waje kuwa zanenta na nan daram. Na kai wa wani bakanike ya ce shokozoba ce, aka saka sababbi guda biyu, ƙarar tana nan. Yanzu ya ce sai a sauke ƙafar gaba ɗaya a sake komai. Aljihun ba zai ɗauka ba. Ta ina zan fara?

Ɗan Kamasho: Wa alaikumus salam. Ka fara da rage lodi, Direba. Mun san ku 'yan layin Haɗeja, buhun shinkafa har ƙarƙashin ƙafar fasinja.

Direban Haɗeja: Kai da kake cusa mana kayan ne za ka faɗi haka? Allah ya shirye ka.

Baba Makanike: Wa alaikumus salam, yarona. Kafin in ce komai, amsa min tambaya ɗaya. Shi wanda ya ce maka shokozoba ce, ya ɗaga motar ya kama tayar da hannunsa, ko daga tsaye ya yanke hukunci?

Direban Haɗeja: Bai ɗaga ba, Baba. Danna gaban motar ya yi sau biyu, ya ce ta mutu.

Baba Makanike: To ka ji. Danna mota na nuna maka ko shokozoba na riƙe lilo, shi ke nan aikinsa. Ba ya gaya maka komai game da boljoyin, gaɓar da taya ke juyawa a kanta, ko tayarod, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, ko bushin, robar da ke cikin mahaɗar ƙarfe. Abin da ka lissafa ma ba ciwo ɗaya ba ne, ina ganin wuri biyu ne ko uku suka haɗu. Kada ka sayi ko noti sai ka yi abin da zan gaya maka, kuma kana tsaye za a yi.

A sami ƙasa mai tauri, a sa wa tayoyin baya waigi. A ɗaga gaban ta shasi, a tokare da ƙarfen tsayawa ko kututture mai kauri. Ban yarda da bulo ba, yana rugujewa ba sallama, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ka kama tayar, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka girgiza ciki da waje. In ka ji tana motsi, sa yaro ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Motsin ya ɓace? Boris ne, abin da wili ke gungurawa a kansa. Yana nan? Boljoyin ne ko bushin hannu, wato ƙarfen da ke haɗa taya da shasi, akwai na sama akwai na ƙasa. Dalili, birki na damƙe faifan da abin da ke riƙe da shi su zama abu ɗaya, sai wasan boris ya ɓuya, amma ba ruwansa da boljoyin.

Sai ka mayar da hannuwanka gaba da bayan tayar, ka girgiza hagu da dama. Wannan na tayarod ne. Wani ya ɗora tafin hannunsa a kan tayarod na waje yayin da kake girgizawa, zai ji bugun a hannunsa in ya mutu. In na wajen shiru ne, ya matse robar da ta rufe rak, sandar sitiyarin da tayarod ke ɗaure a jikinta, ya kamo na cikin, can ma yana sakin jiki kuma mutane na mantawa da shi.

Na ƙarshe, a zura doguwar liba ƙarƙashin tayar a riƙa ɗagawa ana saki, kai kuma kana leƙe da tocila a kan boljoyin na sama da na ƙasa. Idonka zai ga inda ƙarfe ke rabuwa da ɗan'uwansa.

Injiniya: Baba, a yi min izini in ɗan ƙara. Wurin da aka sa jak yana da muhimmanci ƙwarai. Motar da sifirinta ke zaune a kan hannun ƙasa, in ka ɗaga ta shasi, ƙarfin sifirin zai matse boljoyin ɗin, ka girgiza har ka gaji ba za ka ji komai ba alhali ya mutu. Irin wannan ta ƙarƙashin hannun ƙasa ake ɗagawa, kusa da taya.

Baba Makanike: Gaskiyarka, Injiniya. Amma ita wannan ba naɗaɗɗen sifirin gare ta a gaba ba, toshin-ba ne, doguwar sandar ƙarfen nan da ke murɗuwa, kuma a hannun sama take ɗaure. Shi ya sa na ce ta shasi. Masu wasu motocin su leƙa su ga inda nasu yake kafin su kwaikwaya.

Mai Faci na Kurna: Ni ta taya zan shigo, don ita ce littafina. Direba, shafa tafin hannunka a kan zanen tayar, daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. In ta wani ɓangaren sumul ne, ta ɗayan kuma tana kartar hannu kamar haƙoran zarto, bakin tayoyin ne ba su kalli gaba daidai ba, ana jan tayar a karkace kan kwalta. Wannan tayarod ne ko alaimen, wato saitin tayoyi. In gefen ciki ya cinye sumul ba kaifi, tayar ce ta kwanta, saman ya shige ciki, sai a nemi boljoyin ko bushin ko gaban da ya zauna. In gefe biyu suka cinye tsakiya na nan, ƙarancin iska ne. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. In kuma kwari-kwari ne zagaye da tayar, nan ne za a zargi shokozoba ko balansin.

Kuma don Allah a fara auna iska da geji, a taɓa notinan wili. Na sha ganin an kwance ƙafar mota alhali noti ne ya saki.

Direban Haɗeja: Na shafa yanzu. Akwai kaifin nan da ka faɗa, kuma gefen cikin ya kusa kai wa waya.

Mai Faci na Kurna: To wannan tayar ta gama aiki a gaba. Kada ka sa sabuwa kuma sai an gama gyara, in ba haka ba ita ma haka za ta bi.

Na Maraɗi: Sannunku da aiki. Ba wanda ya taɓo maganar fizgar birki. Ni tawa tana Maraɗi zuwa Jibiya, ta taɓa yi mini haka. Akwai wata sanda da ke tokare hannun ƙasa da shasi, tana da robobi biyu masu kauri a ƙarshenta. Ita ke hana taya ja da baya in an taka birki. Robobin nan in suka narke, da ka taka birki tayar wannan ɓangaren sai ta matsa, motar ta bi ta. Ku gwada haka: motar na ƙasa, direba ya tafi a hankali ya taka birki farat ɗaya, wani na tsaye a gefe yana kallon tayar cikin mazauninta. In ta yi tsalle baya ta dawo, an kama ɓarawo.

Baba Makanike: Allah ya yi maka albarka, mutumin Maraɗi. Robobin nan ba su da tsada, su ne kuma aka fi tsallakewa. Amma a duba birkin shi ma. Fiston ɗin dama in ya maƙale bai kama ba, motar hagu za ta ja. Bayan tafiya a kusanta hannu da wili biyun, wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai ko wanda ya yi sanyi ƙalau, akwai magana.

Yaron Gareji: Oga, ƙwal-ƙwal ɗin gargada fa? A garejinmu yawanci robar sitabilaiza muke samu, sandar nan da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama.

Baba Makanike: Haka ne. Alamarta, in taya ɗaya ta faɗa rami tana ƙara, in biyun suka hau tudun rage gudu tare sai ta yi shiru. Ita ba ta cin taya, ba ta kayar da mota, damun kunne kawai take yi. Matsalar, direba in ya saba da ƙararta, ran da boljoyin ya fara tasa ba zai bambance ba.

Hajiya Mai Bas Biyu: Ni tambayata ta masu mota ce. Direbobina duk wata sai sun zo min da lissafin aikin ƙafa. Na fara tunanin ko gara maganar bakaniken farko, a sake komai lokaci guda a huta. Kuɗin aiki sau ɗaya, alaimen sau ɗaya, motar ba ta kwana a gareji kowane mako.

Injiniya: Hajiya, lissafinki na kan hanya. Samfurin nan daga 1989 zuwa 2004 aka yi shi, kin ga mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara 20. Kuma injin da direba duk a kan tayoyin gaba suke zaune, nauyin da ƙafar gaba ke sha ya fi na ƙaramar mota nesa ba kusa ba. In ɓangare ɗaya ya mutu, ɗayan ma hanya ɗaya suka bi, shekaru ɗaya suka yi.

Baba Makanike: A nan na rabu da ku. A takarda haka ne. A kasuwarmu kuwa, boljoyin na asali da ya zo da motar, in bai da wasa kuma robarsa ba ta fashe ba, ya fi sabon da ba ka san asalinsa ba. Sau nawa aka cire lafiyayye aka jefar, aka saka mai ƙyalli a kwali, kafin sallah ta zagayo ya fara ƙara? Shokozoba lalle biyu ake sakawa tare. Robobin sandar birki, wadda mutumin Maraɗi ya faɗa, su ma biyu, don motar kada ta karkata. Amma boljoyin da tayarod, wanda ya mutu shi za a cire, sai fa in kuɗin na gaske ya samu na duka.

Hajiya, abin da zai rage miki lissafin wata-wata shi ne ki ce a riƙa kawo miki tsohon da aka cire, da kwalin sabon. Za ki sha mamakin yadda motocin za su warke.

Hajiya Mai Bas Biyu: Baba, wannan shawarar kaɗai ta biya kuɗin datar yau. Na gode.

Ɗan Kamasho: Direbobin Hajiya in suna cikin zauren nan, sai haƙuri, kasuwa ta watse.

Mai Kayan Mota: Tunda an taɓo mu, bari in kare kaina. Mu a Ƙofar Ruwa kaya hawa-hawa ne, kuma mai saye ne ke zaɓa. Mutum zai zo ka nuna masa na kirki, ya ce ba na ƙasa da wannan? Ka ɗauko, ya ce ba na ƙasa da shi? In ya lalace kuma ya ce ɗan kasuwa ya cuce shi. Araha ba ta ado.

Sunayen da aka sani a kayan ƙafa, akwai 555 na Japan, akwai CTR na Koriya, a shokozoba akwai KYB. Amma duk sunan da ya yi kasuwa ana buga na jabu da kwalinsa, don haka kwali ba shaida ba ne. Ka fito da shi ka riƙe. Sabon boljoyin na kirki da ƙyar za ka iya lanƙwasa wuyansa da hannu, kuma in ya motsa a hankali yake tafiya, ba ya sarƙewa. Robarsa mai kauri ce mai laushi, in ka ja ta koma. Dubi zaren notin, dubi rubutun da aka buga a jikin ƙarfen, na jabu yawanci a dagule yake. Ka zo da tsohon a hannu, ka zo da lambar shasi. Masu fetur da RZH suke farawa, masu gas da LH, kuma ba duka kayansu ne ke shiga juna ba.

Yaron Gareji: Na Beljiyam fa, Alhaji? Ogana ya fi son ya sayi hannun gaba ɗaya na Beljiyam, da bushin da boljoyin a jiki.

Mai Kayan Mota: A da shi ne sarki. Yanzu motar ta tsufa a can ma, abin da ke zuwa ya riga ya sha wuya. Ƙarfen hannun ba laifi in bai lanƙwashe ba. Robar kuwa ko ba a hau ta ba shekaru na busar da ita. Kuma a yi hattara da wanda aka cire a nan gida aka wanke da fetur aka fesa baƙin fenti.

Direban Haɗeja: Akwai wani a tasharmu da ke yin cikon boljoyin. Yana huda shi ya ɗura narkakkiyar roba, wani lokaci ya daddake bayansa da guduma ya matse. Kuɗin bai kai rabin rabin sabo ba. Abokan aikina da yawa shi suke kai wa. Me kuka gani?

Na Maraɗi: Mu ma muna da su. Gaskiya na taɓa yi a tayarod, ya ɗan kai ni.

Baba Makanike: Yarona, karanta wannan da kyau. Cikin boljoyin dunƙulen ƙarfe ne zaune a mazauninsa. In ya ci, dunƙulen ya rage, bakin mazaunin ya buɗe, wuyan ma wani lokaci ya sirance. Mai ciko ƙarar yake kashewa, ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Ƙarar nan kuwa ita ce gargaɗin da kake da shi. Ran da dunƙulen ya fice, tayar kwanciya take yi a ƙarƙashin motar, sitiyari ya tashi daga aiki, wani lokaci ta tsinke tiyon birki ta tafi da shi. Wanda Allah ya rufa wa asiri a kwanar cikin gari take same shi. Kai kuma rayukan mutane kake ɗauka a babbar hanya. Robar sitabilaiza in ka ga dama a yanka maka daga tsohuwar taya, ba zan yi faɗa ba. Boljoyin da tayarod ba a yi musu ciko, ba a yi musu walda.

Na Maraɗi: Na karɓa, Baba.

Direban Haɗeja: 'Yan uwa, an ɗaga motar ɗazu a wani garejin, ina tsaye. Ga abin da aka samu. Boljoyin na ƙasa ɓangaren direba, robarsa ta yage, cikinsa jar ƙasa ce da tsatsa maimakon giris, da aka sa liba har ido na ganin yana tsalle. Tayarod na waje shi ma na hagu ya saki. Robobin sandar da mutumin Maraɗi ya faɗa, na hagun ta rabe biyu, ta dama ta tsattsage. Robobin sitabilaiza sun cinye. Boris lafiya, boljoyin na sama duka lafiya, tayarod na cikin rak lafiya. Bushin hannun sama na hagu ya fara tsagewa amma ba ya motsi. Sai dai sabon bakaniken ya ce gaban ya zauna, zai ɗaure toshin-ba ya ɗaga ta sosai don lodi.

Baba Makanike: Alhamdu lillahi, ka ga abin bai kai sauke ƙafa duka ba. Maganar ɗagawa kuma, a mayar da ita tsayinta na asali, hagu da dama daidai, a auna daga ƙasa da tef a wuri mai shafe. Kada a wuce nan. In aka ɗaure ta ta yi tsayi fiye da kima, hannun sama zai je ya zauna kan robar da ke tare shi, taya ba ta da sauran wurin sauka, kowane rami duka ne kai tsaye a kan sabon boljoyin ɗinka. Kuma ɗaure toshin-ba ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya.

Ga abin da za ka sa wa ido wajen aikin. In za a fitar da wuyan boljoyin ko tayarod, a sassauta notin a bar shi a bakin zare, a bugi gefen ƙarfen da wuyan ya shiga, ba kan zaren ba. Kafin a kwance tayarod a auna tsayinsa ko a ƙirga zagayen, a mayar da sabon haka, don motar ta iya kai kanta wurin alaimen. Sandar birki ma a auna inda notinta yake kafin a taɓa. In an cire kan birki, wanda ke damƙe faifan, a ɗaure shi da waya, kada a bar shi yana reto a jikin tiyo. Noti mai ƙahoni a sa masa sabon fin, ba ƙusa ba, kuma in ramin bai daidaita ba gaba ake ƙara ɗaurewa, ba a sassautawa.

Injiniya: Sai bushin. Duk notin da ya ratsa bushin roba, a ɗaure shi ɗaurin ƙarshe bayan an sauke motar tana tsaye kan tayoyinta. In aka ƙulle shi tana rataye, da an sauke robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba. Kuma ba a shafa wa roba baƙin mai ko giris don ta shiga, yana cin ta. Ruwan sabulu ya isa.

Yaron Gareji: Wallahi wannan na ɗaurewa a ƙasa ban taɓa ji ba. Mu a sama muke gama komai.

Baba Makanike: To ka ji yau. Je ka gwada, amma kada ka ce wa ogan naka a waya ka koyo, ka ce tunani ne ya zo maka.

Hajiya Mai Bas Biyu: Shi bushin saman da ya fara tsagewa, ba gara a haɗa da shi ba tunda an riga an buɗe?

Baba Makanike: Wannan aikin daban ne, Hajiya. Sai an sassauta toshin-ba gaba ɗaya kafin hannun sama ya fito, a yi wa haƙoransa alama da fenti, a auna zaren notin baya. In an cire duka biyun kuma kada a musanya, na hagu da na dama kowanne da alamarsa, don kowanne ya saba murɗuwa ta fuska ɗaya. Tunda ba ya motsi, ni zan bar shi, a riƙa leƙa shi duk juyen mai. In kuɗi ya samu a yi biyun tare.

Injiniya: Ni dai da zan haɗa. In aka dawo yinsa daga baya, sai an sake biyan alaimen.

Baba Makanike: Kuɗin alaimen ɗaya bai kai kuɗin bushin na kirki da aikinsa ba, kuma mutumin ya ce aljihu ba nauyi. Direba ne zai zaɓa.

Mai Faci na Kurna: Alaimen ɗin dai shi ne na ƙarshe, bayan an daidaita tsayi, an sa tayoyin da za su zauna a gaba, an cika iska daidai. Na igiya yana gyara bakin taya kawai. Tunda an taɓa toshin-ba da sandar birki, ka je na kwamfuta su duba kwanciyar tayar ma. Ka tsaya ka ga sitiyari a tsakiya yake kafin su ƙulle.

Direban Haɗeja: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bushin saman zan bar shi zuwa bayan kaka. Alhaji Mai Kayan Mota, gobe in Allah ya kai mu zan shigo da tsofaffin a leda. Boljoyin ɗin, mai kan giris zan ɗauka ko rufaffe?

Mai Kayan Mota: In za ka riƙa tunawa da shi, mai kan giris. Hanyarku akwai ruwa da damina, akwai ƙura da rani, sabon giris na turo dattin waje. Duk juyen mai a ba shi kaɗan, da robar ta fara kumbura a tsaya, in aka cika ta fashewa take yi. In ka san ba za ka tuna ba, ɗauki rufaffe. Ka zo kafin azahar, bayan nan ina fita ɗauko kaya.